Clarrie Bowden da Sulallan da Ba Teku Ta Ajiye Ba

A garinmu na Point Merrow, duk ranar da rediyo ta ce iska mai ƙarfi na tafe daga gabas, kowa sai ya hau ɗaure abin da zai iya tashi. Masu jirgin kamun kifi su ƙara igiya, mata su kwashe shanya, mai shagon kifi da dankali ya shigar da kujerunsa yana tsaki. Mutum ɗaya ne za ka gamu da shi a titi baki har kunne, kamar wanda aka yi wa albishir. Shi ne Clarrie Bowden, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda tun da ya yi ritaya ba shi da sana'ar da ta wuce bin bakin teku da na'urar gano ƙarfe.

Dogo ne siriri, kuma ba wanda ya taɓa ganin gwiwoyinsa a rufe, don ko a sanyin Yuli, tsakiyar hunturu a wajenmu, gajeren wando ne a jikinsa. Daga nesa za ka gane shi: malfa a ka, abin ji a kunne, sandar na'ura tana lilo dama da hagu, ga cebur mai huji-huji yana ja a baya. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Sulalla ne da suka zube daga aljihun masu wanka, da makullai, wani lokaci ɗan kunne ƙwaya ɗaya. In ya samu zobe sai ya nemo mai shi, don a wurinsa abin da ya ɓace wasiƙa ce da ba ta isa ba tukuna. Ba kuɗin ne ke kai shi ba. So yake ya ga inda teku ta ajiye kowane abu.

Dalili kuwa, shekarunsa na aiki duka ware wasiƙu ya yi, kowace a raminta, har abin ya shige masa jini. Ƙusoshinsa a jere suke bisa tsawo. Sulallan da ya haƙo sai ya wanke su tas, ya zuba kowane iri a kwalbar jam daban, ya jera a kan kanta a gareji. Sai kuma Allah ya haɗa shi da Noelene, macen da ke da wata durowa a kicin wadda duk abin da ya rasa gida can yake kwana: matattun batura, maɓallai, robar ɗauri, mabuɗin gwangwani, makullan gidan da suka tashi daga ciki tun yaransu na goye. Sau ɗaya ya taɓa karambanin gyara mata ita. Sai da ta yi kwanaki tana miƙa masa shayi ba magana, wai ya ɓatar mata da komai.

Shi ya sa ya ɗauki teku abokiyar aiki, shi ya sa kuma ba a karin kumallo a gidan sai da darasi.

"Kin san abin da mutane ba su gane ba, Noel?"

"Ko na sani ko ban sani ba, ai sai na ji," in ji ta, tana shafa wa burodi bota, ido a kan jarida.

"Teku ba ta zubar da kaya barkatai. Igiyar ruwa in za ta hau gaɓa, da ƙarfinta take hawa, ta kwaso komai. In za ta koma, a gajiye take, sai ta bar kowa inda nauyinsa ya tsayar da shi. Kunnen buɗe gwangwanin lemo da marfin kwalba, can sama take watsa su. Ƙananan sulalla sirara su ja layinsu a ƙasa da nan. Masu kauri irin sulen dala biyu, su ma nasu layin daban. Kin ji ko?"

"Uhm."

Wannan "uhm" tun suna sabon aure yake jin sa, a da kan wasiƙu, yanzu kan teku. Ya daɗe da yanke hukuncin cewa da bango yake magana, sai dai bangon ya iya dafa shayi. Abin yana ɗan sosa masa rai, bai dai taɓa faɗa ba.

Sai aka shiga wata shekara da teku ta kwanta luf. Ba hadari, ba iska. Masu zuwa hutu suka yi ta yabo, Clarrie ya yi ta mita, domin ruwa mai sanyin hali yashi yake kawowa ya jibge a kan komai, kuma in yashi ya yi yawa na'ura ba ta jin abin da ke ƙasa. Ya yi ta zuwa yana dawowa da kunnen gwangwani. Ana cikin haka zuciyarsa ta ba shi matsala, aka kai shi asibitin birni aka yi masa aiki. Da za a sallame shi likita ta ce maganinsa tafiya. Kullum ya taka, in ba haka ba zai dawo musu ba da daɗewa ba, kuma ba ta yi alkawarin zai sake fita da ƙafarsa ba.

Clarrie ya ce to. Ya dawo gida, ya rataye na'urar a gareji, ya zauna a kujerar gaban talabijin. A ganinsa tafiya ba dalili aikin masu kare ne. Darasin safe ma ya tsaya. Noelene, wadda ta sha fatan samun karin kumallo ko guda ɗaya ba lacca, ta samu, ta kuma ga ba ta so. Tsoro ya kama ta, don a gabanta mutum yake ƙarewa a zaune.

Wata safiya ta ce, "Na ji an ce ruwa ya ɗan ci gaɓa wajen dutsen can. Wai har sulalla ake samu."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen ba su san komai ba. Da wace iskar? Ko tutar masu tsaron bakin ruwa ba ta motsi."

"To, ni dai abin da na ji ke nan. Wataƙila kai ne ba ka sani ba."

Duk wanda ya san Clarrie ya san an gama da shi. Kafin shayinsa ya huce ya sauko da na'urar, ba don yana sa ran komai ba, sai don ya dawo ya ce mata ba na faɗa miki ba.

Ya taka a hankali, yana yi yana hutawa, har gindin dutsen. Gaɓa na nan lafiyarta lau, ba inda ruwa ya ci. Amma a jiƙaƙƙen yashi, inda ruwa ya janye, inda ba mahaluƙin da ke shimfiɗa tawul balle aljihunsa ya zube, na'urar ta yi ƙara. Ya sa cebur, ya girgiza. Sai ga senti hamsin mai kusurwoyi, ga 'yar ƙaramar senti biyar, ga dala biyu, ga wani tsohon kwabo na zamanin da, duk a rami ɗaya, rungume da juna, suna ƙyalli kamar yau aka buga su.

Ya tsaya yana kallonsu, ransa a ɓace. Babu wata teku da za ta yi wannan aika-aika. Ya juya kwabon, ya ga lotsawar da ke gefensa, ya gane shi. Shi ya haƙo shi da hannunsa shekarun baya, shi ya wanke shi, kuma a saninsa yana cikin kwalbarsa a gareji.

Can a kan dutse Tevita na jefa ƙugiya, tsohon direban bas ɗan asalin Tonga, ƙato mai dariyar da ake ji daga titi.

"A'a, shugaban gidan wayar teku! Ashe kana raye? Yau kuwa da asuba na ga wata 'yar ruwa a daidai nan, sanye da rigar sanyi ruwan hoda, tana tona rami da cokalin miya."

"Kama kifinka, mutumina."

"Ni ban ce komai ba."

Clarrie ya nufi gida da jawabinsa a shirye tsaf. A ƙofar baya ya ga takalmanta an ɓoye su bayan injin wanki, a jiƙe, duk yashi. Ya shiga ya tarar da ita tana goge teburin da ba abin da ya same shi.

"Ka samu wani abu, tsoho?"

Ya buɗe baki. Sai ya ga fuskarta, irin wadda ya gani ranar da ake tura shi ɗakin tiyata, tausayi ya kama shi. Mutumin da bai taɓa barin kuskure ya wuce ta gabansa ba, ranar ya haɗiye gyara.

"Ɗan abin da ba a rasa ba," ya ce. "Ashe mutanen naki sun yi gaskiya."

Sai dai haɗiyewar ba ta zauna masa ba. Washegari darasi ya dawo, da ƙarfinsa kuwa, ana yi ana kallon silin.

"Abin mamaki, jiya sai na ga senti biyar da dala biyu a rami ɗaya. Teku ba ta saba haka ba. Sirara a sama suke, masu kauri a ƙasa, kuma a jere suke bin gaɓa, da 'yar tazara a tsakani."

"Uhm," in ji Noelene.

Kashegari da ya je, sirara na sama, masu kauri na ƙasa, a jere, da 'yar tazara. Ya zauna a kan yashi ya yi ta dariya har ɗinkin ƙirjinsa ya yi masa zafi. Sai kuma dariyar ta tsaya, domin ya gane abin da bai taɓa zato ba: ashe matar nan tana ji.

Daga nan aka buɗe makaranta ba tare da an ce an buɗe ba. Ya ce kuɗin da ya daɗe a ruwan gishiri ba ya ƙyalli. Ba a jima ba sulalla suka fara zuwa baƙi-baƙi, kicin kuma yana wani wari da ba wanda ya tambayi dalilinsa. Ya ce layi ba ya miƙewa sak, lanƙwasar gaɓa yake bi; layi ya lanƙwashe. Ita ma da tata dabarar, kullum sai ta ƙara nisa, har ya zama sai ya taka bakin teku daga wannan kai zuwa wancan. Da yamma ya wanke sulallan ya mayar kwalabe, da asuba su riga shi fita. Likita ta duba shi ta ce ko me yake yi, ya ci gaba.

Bakinsa ne ya jawo sauran. Wata safiya daɗin samun mai sauraro ya kwashe shi, ya kai darasi har layin ƙarshe.

"Can ƙasa, gab da ruwa, nan manya suke. Darmar da masunta ke ɗaura wa ƙugiya, da zinariya. Su ba sa yawo. Duk igiyar da ta zo sai ta sassauta yashin ƙarƙashinsu, su ƙara nutsewa, har su tarar da yumɓu su zauna. Shi ya sa doka ta farko: in ka ga darma kada ka ɗaga, duba gefenta. Inda darma take, nan zinariya take."

"Uhm."

Washegari aikin ya yi kyau har ya so ya tafa mata. Kunnen gwangwani a sama, sai sirara, sai masu kauri, sannan can bakin ruwa ya tono darma guda, sabuwa fil, da gani daga akwatin Tevita ta fito. Clarrie ya yi murmushi ya jefa ta aljihu. Ya san layin nan hannun Noelene ne ya jera shi, to me zai tsaya nema a gefe? Wa zai binne zinariya? Ruwan teku da ya janye ya fara dawowa kamar yadda yake yi kullum, ya kashe na'ura, ya tafi suka ci kifi da soyayyen dankali shi da Tevita, abin da likita ta hana.

A gida ya zazzage aljihu a kan tebur yana taƙama. Noelene ta dubi darmar, ta dube shi.

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Gefenta fa? Ba ka duba gefenta ba?"

"Me zan duba? Ai..."

Nan idonsa ya sauka a hannunta na hagu. Inda zoben aurensu yake zama, farin zane ne kawai a yatsa.

"Noelene! Ba dai..."

"Kai ka ce doka ta farko! Da bakinka! In ka ga darma kada ka ɗaga!"

"A layin gaske nake nufi!"

"To wa ya ce maka na ƙarya ne?"

"Haba, Noel. Kwabona fa kika binne mini, mai lotsawar nan."

"Au, ka sani duk watannin nan, ka bar ni ina tashi da asuba cikin sanyi kamar ɓarauniya?"

"Ke ma ai kin san na sani."

"Wannan ba hujja ba ce. Ɗauko sandarka."

Ko da suka isa, ruwa ya rufe wurin har ƙugun mutum. Da ya janye suka dawo, na'ura ta yi gum. Ruwan ya zo da sabon yashi ya ɗora, zobe kuwa ya yi abin da Clarrie ya ce zinariya na yi. Karo na farko ke nan da gaskiyarsa ba ta yi masa daɗi ba. Noelene ta zauna a kan dutse ta yi kuka. Ba tsada gare shi ba, siririn zobe ne daidai ƙarfin ma'aikacin gidan waya, amma tun da ya sa mata shi bai taɓa barin yatsanta ba sai ranar.

"Bai tafi ko'ina ba," ya ce mata a hankali. "Yana nan ƙarƙashinmu. Nuna mini daidai inda kika tsaya."

Ta nuna masa: sandar tuta a bayanta, dogon itacen bakin titi daidai da rufin shagon kifi. Ya jinjina kai, don ko shi iyakar alamar da zai yi ke nan.

"To, yanzu sai mu jira iska ta kwashe yashin."

Tun daga ranar su biyu ake gani. Shi da na'ura, ita da cebur, don ta ce mai ɗinki a ƙirji ba ya haƙa. Kowace safiya sai sun fara duba wurin zobe, sannan su bi gaɓa su ga abin da ruwa ya aikata. "Uhm" kuwa ya mutu. Tambaya take yi, har da gardama: me ya sa wannan gefen ya fi tsakuwa, me ya kawo dala ɗaya layin da ba nata ba. Rannan ta ce masa teku ma tana da durowa irin tata, wani lungu a gindin dutse inda komai ke taruwa a cakuɗe. Ya je ya duba don ya ƙaryata ta, ya tarar haka abin yake. Clarrie bai taɓa jin daɗin rayuwa irin na watannin nan ba, kuma yana jin kunyar hakan, tunda a kan asararta yake jin daɗin. Gari kuma ya samu mutum na biyu mai murnar hadari. Tevita ya ce a cocinsu an fara zargin akwai wasu da addu'arsu ke warware ta sauran jama'a.

A tsakiyar Yuli iskar ta zo. Ta yi kwanaki tana dukan gari, ta tafi da shingen maƙwabta da kujera guda ta mai shagon kifi. Da ta lafa, bakin teku ya zama wani wuri daban. Ruwa ya yanke gaɓa tsawon mutum kamar an sa wuƙa, yashin shekara ya tafi, ga baƙin yumɓu a fili. Ga sulalla na gaske, kore-kore, kowa a layinsa, irin aikin da Clarrie ya daɗe yana ba da labari.

Noelene ta yar da cebur ta bi layin sama tana tsinta da hannu. Shi kuwa ya sa sandar tuta a bayansa, ya daidaita itacen da rufin shagon kifi, ya gangara. Darma ya fara samu, tsohuwa, ta wani masunci da ya daɗe da mantawa da ita. Wannan karon bai ɗaga ba. Nan gefe kaɗan na'urar ta yi wata ƙara mai laushi, wadda duk mai wannan sana'a yake ji har a mafarki. Ko cebur bai nema ba. Zoben na nan kwance a wata 'yar tsaga a jikin yumɓu, yana ƙyalli kamar bai yi komai ba.

Ya ɗaga kai zai kira ta. Tana can sama, iska na kaɗa rigar sanyinta, ta ɗaga wata dala biyu tana ihu, "Tsoho! Zo ka gani, layin masu kauri ne, ni na gano shi!" Sai ya fasa kiran. Ya hango gobe: zobe a yatsa, jarida a kan tebur, shi kaɗai a bakin teku. Tsoro ya kama shi, tsofai-tsofai da shi, ya sa zoben a aljihu.

"Akwai wani abu?" ta tambaya da ya hauro.

"Darma dai."

Ta ɗan tsaya tana kallonsa. "Ka duba gefenta?"

"Na duba."

Ba ƙarya ya yi ba, amma har suka isa gida aljihun na ƙona shi. Mutumin da bai taɓa barin wasiƙar wani ta kwana a hannunsa ba, ba zai iya riƙe wannan ba, faɗa kuma ta gagara. Da ta shiga wanka ya tsaya a kicin yana neman inda ya dace zobe ya zauna, ya rasa. Sai ya ja durowar nan da ya yi shekaru yana kauce wa kallonta, ya ajiye shi a tsakanin matattun batura da maɓallai, ya rufe. Tunda yake bai taɓa ajiye abu a inda ba wurinsa ba da gangan.

Da yamma tana haɗa abinci, yana zaune a tebur yana yi kamar yana karanta jaridarta. Ta ja durowa za ta ɗauki mabuɗin gwangwani. Hannunta ya tsaya. Noelene ta san durowar nan fiye da yadda ya san teku, ko maɓalli aka ƙara sai ta gane. Ya leƙo ta saman jaridar. Ta daɗe a tsaye, ta ba shi baya. Sannan ta ɗauki mabuɗin, ta tura durowar da ƙugu ta rufe, yatsanta yadda yake.

"Tsoho," ta ce, ba ta juyo ba. "Gobe yaushe ruwa zai janye?"

"Da sassafe."

"To, ka kwanta da wuri. Abin nan ba zai nemo kansa ba."